Agogon Masu Nutso a Ƙasar da Babu Teku

Wani saurayi mai kula da injin rijiyar burtsatse a ƙasar Dannet ya tare ni a tashar mota ta Arlit da wata tambaya wadda da farko ta ba ni dariya. Ya ce: "Baba, ku da kuke rubutu a jarida, ku gaya mini gaskiya. Na ga wani agogo a kasuwa, baƙi, mai kauri, an rubuta mita 200 a fuskarsa. Mai shago ya ce na masu nutso cikin teku ne, ruwa ba ya shigarsa, ƙura ba ta shigarsa. Wata huɗu ke nan ina tara kuɗi. In saya, ko in bari?"

Kawunsa, wani dattijo da ya yi aiki a ramin Akouta har ranar da aka rufe shi a watan Maris na 2021, yana zaune bisa buhu yana dafa shayi. Bai ko ɗaga kai ba ya ce: "Malam, tambaye shi a wace teku zai yi nutson. Ni dai tun da aka haife ni ban ga ta ratsa ta Dannet ba."

Dattijon yana da hujja. Dannet ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Arlit, cikin jihar Agadas, ƙasar makiyaya Abzinawa, inda a yawancin shekaru ruwan sama ba ya kai milimita 100. Tashar jirgin ruwa ta Kwatano, wadda aka yi shekaru ana fitar da uraniyom ɗinmu ta cikinta, tana da nisan kusan kilomita 2,000 daga Arlit. Masana ƙasa sun ce duwatsun yashi da ma'adinin ke kwance cikinsu, a Arlit da kuma Imouraren ta ƙasar Dannet ɗin, manyan koguna ne suka shimfiɗa su tun zamanin da babu ɗan Adam. Ashe ruwan nutso ya taɓa zama a wurin, saurayin ne dai ya makara da miliyoyin shekaru.

Amma da na zauna na yi nazari, sai na ga tambayar ta fi ƙarfin dariya. Agogon da Turawa ke kira mai araha, irin wanda ake sayarwa a Amurka dala 50 zuwa 70 na kuɗinsu, in an juya shi zuwa namu ya kama jikka 30 zuwa 40, tun kafin a sa kuɗin ɗauko shi da ribar ɗan kasuwa. A farkon 2024 ne aka ɗaga albashi mafi ƙanƙanta a ƙasarmu zuwa jikka 42 a wata. Watau abin da wani ke saye don nishaɗi, a wurin wannan yaro guminsa ne na wata guda cur. Wanda zai fitar da irin wannan kuɗi ya cancanci a amsa masa da natsuwa.

Abin da ya sa aka ƙera shi

A 1943, wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, suka ƙago na'urar da ke ba mutum damar goya tulun iska a baya ya nutse cikin teku yana numfashi. Iskar tulun ƙididdigaggiya ce. Wanda ya manta da lokaci a ƙarƙashin ruwa, iskarsa ta ƙare, ba ya dawowa ya ba da labari. Saboda haka aka bukaci agogon da zai jure nauyin ruwa, a iya karanta shi cikin duhu, ya kuma nuna minti nawa mutum ya yi a ƙasa. A 1953 kamfanin Blancpain na ƙasar Suwis ya fitar da irinsa domin sojojin ruwan Faransa, ya sa masa suna Fifty Fathoms, ma'ana gaba hamsin, irin gabar nan da muke auna zurfin rijiya da ita. A wannan shekara kuma Rolex ya ƙera nasa mai suna Submariner. Japanawa suka shigo a 1965 da agogon Seiko mai jure mita 150, Rashawa kuma a 1967 da Vostok Amphibia. Daga nan ne abin ya fara sauka daga hannun attajirai da sojoji zuwa hannun talaka.

A yau masu nutso na gaske wata ƴar kwamfuta suke ɗaurawa a hannu, ita ke yi musu lissafi. Mafi yawan agogunan nutso da ake sayarwa a duniya, har a ƙasashen da teku ke bakin ƙofarsu, ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce na wanka ba. Mutane suna sayensu ne don ƙarfinsu da kuma kyan gani. Don haka maganar kawu cewa babu teku a Dannet gaskiya ce, amma ba ta kashe zancen ba.

Ga yadda abin yake. Kowane mita 10 da mutum ya nutsa, nauyin da ke danne shi yana ƙaruwa da misalin kilo guda bisa kowane ɗan fili mai faɗin farcen yatsa. A zurfin mita 200, kilo 20 ke nan bisa kowane farce. Agogo kuwa ƙofa uku gare shi da ruwa ke bi: bakin gilashi, murfin baya, da ɗan kunnen nan na gefe da ake murɗawa a gyara lokaci. A agogon nutso, kowace ƙofa an liƙe ta da siririyar roba mai siffar zobe. Murfin baya murɗa shi ake yi ya zauna daram kamar murfin tulun gas, kunnen ma bayan an gyara lokaci sai a danna shi a murɗa har ya kulle. To, mai karatu, ƙofar da ta hana ruwa mai nauyin kilo 20 shiga, yaya za ta bar ƙura ta wuce?

Nan ne amfaninsa yake a ƙasarmu. Abokin gabar agogo a Abzin ƙura ce. Duk wanda ya yi hunturu guda a Arlit ko Akokan ya san irin garin ƙurar nan mai laushi kamar bula, wadda ke shiga akwati a rufe, ta shiga rediyo, ta shiga haƙoran mutum. In ta sami hanya cikin agogo sai ta gauraya da man da ke jikin ƙafafun injinsa, ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta yi ta cin su sannu a hankali har agogon ya fara jinkiri, wata rana ya tsaya. Bayan ƙura sai gumi, wanda gishiri ne da ke cin ƙarfe marar kyau. Sai girgizar babur da ta mota bisa hanyar da kwaltarta ta ɓaɓɓake. Ruwan ma ba a rasa shi baki ɗaya ba. Sau biyar a yini hannu na shiga ruwan alwala, ko an tuɓe agogon ko an gusa shi yakan sami rabonsa. Mai injin rijiya kuwa yini yake hannunsa a jiƙe. In damina ta yi kyau ƙoramun da ke gangarowa daga duwatsu sukan cika cikin awa guda, mutanen Agadas ba su manta da ambaliyar Satumba ta 2009 ba.

Rubutun da ke fuskar agogo

Da yawa daga cikinmu mun iya karanta lambobin da ke fuskar agogo, amma fassararsu daban take da abin da ido ya gani. Agogon da aka rubuta wa 30 m, ko 3 ATM, ko 3 BAR, ba a nufin a shiga ruwa mita 30 da shi. An gwada shi ne sabo ful, a ajiye cikin ruwan da ba ya motsi. Iyakarsa yayyafi da wanke hannu. Mai 50 m ya ɗan fi shi. Sai daga 100 m ne ake yarda mutum ya yi iyo da shi, mai 200 m kuma shi ne mai cikakken liƙi.

Akwai kuma wata ƙa'ida ta duniya, mai lamba ISO 6425, wadda aka fara fitarwa a 1982. Agogon da ya cika sharuɗɗanta ne kaɗai ke da izinin a rubuta masa kalmar DIVER'S kafin lambar zurfin. Sharuɗɗan suna da tsanani. Dole ya jure aƙalla mita 100, kuma kowane ɗaya, ba samfuri kaɗai ba, sai an matsa shi da nauyin da ya zarce abin da aka rubuta da kashi 25 cikin 100. Dole a iya karanta shi cikin baƙin duhu daga nisan santimita 25. Ana jiƙa shi cikin ruwan gishiri awa 24, ana buga shi, ana kusantar da shi ga maganaɗisu. Ba duk agogo mai kyau ne ke ɗauke da wannan kalma ba, domin gwajin kuɗi yake ci. Ga misali Casio MDV-106, mai hoton kifi mai dogon baki a fuska, wanda ya yi suna cikin masu araha. An rubuta masa mita 200, kunnensa da murfinsa na murɗawa ne, batirinsa yakan kai shekara uku, amma babu kalmar a jikinsa. Ga mai zama a Dannet wannan ba aibi ba ne.

Zoben da ke kewaye da gilashin, mai lambobi daga sifiri zuwa 60, shi ne alamar da ake gane agogon nutso da ita tun daga nesa. Aikinsa ba wuya. Ka juya shi har ɗan alamarsa ta zo daidai da dogon hannun agogo, daga nan duk lokacin da ka duba, hannun zai nuna maka bisa zoben minti nawa suka wuce. Gefe ɗaya kawai yake juyawa, saɓanin tafiyar hannun agogo. Hikimar ita ce, in ya bugi wani abu ya goce, zai nuna wa mai nutso ya daɗe fiye da yadda ya daɗe, ya fito da wuri, maimakon ya ruɗe shi ya zauna har iskarsa ta ƙare. A wurin saurayinmu, wannan zobe zai gaya masa minti nawa injin ya yi yana aiki, da lokacin da layin garken wane ya ƙare na wane ya kama. Wanda ya taɓa ganin gardamar makiyaya a bakin rijiya cikin watan Mayu ya san minti goma ba ƙaramin abu ba ne. Mai ban ruwa a lambun Timia ko Iferouane, da ma'aikaciyar gidan likita mai lura da ƙarin ruwa, da direban da ke jiran injinsa ya huce, duk za su same shi da amfani.

Sai dai ban ɓoye wa kowa ba, zoben nan shi ne kuma raunin agogon a ƙasar rairayi. Yashi yakan shige ƙarƙashinsa, ka ji yana ƙarar niƙa, in an ƙyale shi ya ƙage. Maganinsa a tsoma agogon cikin kofin ruwa mai tsabta, kunnensa a kulle, a yi ta juya zoben har yashin ya fita. Wanda ba zai iya wannan ɗawainiya ba, akwai agogunan G-Shock da Casio ya fara fitarwa a 1983, waɗanda su ma mita 200 suke jurewa, ga jure faɗuwa, kuma babu zobe a jikinsu.

Koren hasken dare

Da na kawo maganar hasken da agogon ke yi cikin duhu, sai dattijon ya ajiye butar shayi. Ya ce: "Wannan ita ce tambayata, Malam. Mun yi shekaru a ƙarƙashin ƙasa da ɗan ma'auni a maƙale a jikinmu saboda tiririn da ba a gani. Abin da ke haske da kansa cikin dare, me aka shafa masa? Kada yaron nan ya ɗaura wa hannunsa abin da muka gudo."

Wannan tsoro ba na jahilci ba ne, mutanen garuruwan uraniyom suna da dalilinsa. Tun da SOMAÏR ta fara fitar da ma'adini a 1971, COMINAK kuma a 1978, maganar tiriri ba ta bar bakin jama'a ba. Masu binciken CRIIRAD na Faransa a 2003, da na Greenpeace a 2009, sun auna tarkacen ƙarfe a kasuwar Arlit sun same shi da tiriri. Tarihin agogo ma yana da nasa baƙin shafi, kuma daga dutse ɗaya suka fito. A 1898 Marie Curie da mijinta Pierre suka gano radiyom cikin dutsen uraniyom. Ba a daɗe ba aka gane in an gauraya shi da fenti yakan yi haske dare da rana. Daga 1917, a garin Orange na jihar New Jersey a Amurka, aka ɗauki ƴan mata aikin shafa wannan fenti bisa lambobin agogo, aka koya musu su riƙa lasar bakin burushi don ya yi tsini. Cikin ƴan shekaru haƙoransu suka zube, ƙashin muƙamuƙinsu ya ruɓe, da yawa suka mutu da ƙuruciya. Ƙarar da biyar daga cikinsu suka kai ta ƙare da sulhu da biyan diyya a 1928. Duk da haka ba a bar radiyom a sana'ar agogo ba sai wajen ƙarshen shekarun 1960, aka koma ga tiritiyom, wanda tiririnsa ya fi rauni ƙwarai.

A 1993 wani kamfanin Japan mai suna Nemoto ya fito da sabon fenti wanda babu tiriri a cikinsa ko kaɗan. Shan haske yake yi, na rana ko na fitila, ya riƙe, sa'an nan ya riƙa saki a hankali. Shi ne a jikin kusan duk agogon da za ka saya sabo a yau. Gane shi ba wuya: da farkon dare yana haske sosai, kafin asuba ya dushe, in ka haska shi da tocila ya farfaɗo. Inda hattara ta wajaba shi ne tsohon agogo na kafin 1970, irin na sojoji ko na gado, mai lambobi da suka koma ruwan ƙasa. Ko ya daina haske, radiyom ɗin yana nan, domin sai bayan shekara 1,600 rabin ƙarfinsa ke tafiya. Kada a buɗe shi, kada a kankare fentin, kada a ba yara su yi wasa da shi.

Batir, ko motsin hannu, ko rana

Injin agogo iri uku ne a kasuwa. Akwai mai batir irin na kwarz, wanda ya fara fitowa daga Seiko a Disamba 1969. Wani ɗan dutsen kwarz ne a cikinsa ke kaɗawa sau 32,768 a kowane sakan, shi ya sa kuskurensa bai cika wuce sakan 20 zuwa 30 a wata ba. Ya fi araha, ya fi jure girgiza. Akwai mai wana kansa da motsin hannu, dangin Seiko 5 da Orient da alhazanmu suka daɗe suna dawowa da su daga Makka. Ba ya bukatar batir, amma mai arahar cikinsu yakan yi gaba ko baya da sakan 20 har 40 a yini, in an ajiye shi kwana biyu ya tsaya, kuma bayan ƴan shekaru sai an wanke shi an sa masa mai a hannun gwani. Ina ƙaunar irin wannan agogo, amma ba zan ba wanda ke yini bisa babur tsakanin Dannet da Arlit shawarar sayensa ba.

Na uku shi ne mai shan hasken rana, kamar Eco-Drive na Citizen. In ya ƙoshi yakan yi wata shida yana tafiya ko cikin duhu, kuma ana shekaru da yawa ba a buɗe shi ba. A ƙasar da rana ba ta fashi, wannan shi ne ya fi dacewa, sai dai kuɗinsa ya ninka na mai batir sau uku ko fiye.

Dalilin da ya sa rashin buɗewa ke da muhimmanci shi ne, ranar da aka canza batir ita ce ranar da yawancin agoguna ke rasa liƙinsu. Mai gyara yana zaune a bakin hanya, iska na kaɗawa, ya buɗe murfin, siririyar robar ta faɗi ƙasa ko ta lanƙwashe, ya mayar da murfin haka nan. Agogon yana tafiya, mai shi ya biya ya tafi, ba wanda ya san ƙofa ta zauna a buɗe. Ka tsaya a kansa. Ka ga robar da idonka, in ta bushe ko ta tsage a sa sabuwa, a shafa mata man silikon, a rufe a wurin da babu iska. Ko ba a buɗe ba, zafinmu yana busar da roba, don haka bayan shekara biyu ko uku ya kamata a duba ta. Kada a bar agogo a gaban mota cikin rana, ko da mai shan hasken ne. Kada a shiga ruwan zafi na Tafadek da shi. Man gazuwal da fetur da turare suna cin maɗaurin roba, wannan kuwa ya shafi mai aikin inji kai tsaye. In maɗaurin ya tsage ba a yar da agogo, na zaren nailan yana da araha kuma yana wankuwa.

A gaban mai shago

Duk abin da na faɗa ya rataya ne ga sharaɗi guda, watau agogon ya kasance na gaske. Fenti ba ya da tsada, kowa na iya rubuta mita 200. Ni kaina na taɓa faɗawa. Shekarun baya na sayi wani mai sheƙi a wata kasuwa, da hoton kifi da lambobi reras, a kuɗin da bai kai na buhun gawayi biyu ba, ina murna na yi wayo. Ruwan farko na damina ya same ni a hanya. Washegari gilashin ya yi hazo daga ciki, kwana uku hannuwan suka yi tsatsa. Da na duba da kyau sai na ga zoben ma manna shi aka yi, ba ya juyawa. Ban koma wurin mai shagon ba, domin wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ga abin da na koya. Ka riƙi agogon ka juya zoben. Na gaske yana tafiya da ƴar ƙara ƙas-ƙas, daki-daki, gefe ɗaya, ba ya komawa baya. Ka ja kunnen. In ya fito nan take ba tare da ka warware shi ba, alhali an rubuta mita 200, ka yi shakka. Ka juya bayansa ka ga ko murfin yana da gurabun da mabuɗi ke kamawa ko ƙananan kusoshi, da sunan kamfani da lambar samfuri a sassaƙe cikin ƙarfen, ba a buga da tawada ba. Ka karanta sunan harafi bayan harafi, domin masu jabu sukan sauya harafi guda. Ka rufe shi cikin tafin hannu ko cikin rawani ka ga ko hannuwan suna haske. Akwai kuma gwajin da su masu ƙa'idar suke yi, wanda kowa zai iya kwaikwaya: a bar agogon ya ɗan yi ɗumi, kamar digiri 40 zuwa 45, abin da ranar Arlit ke yi cikin ƴan mintoci, a ɗiga ruwan randa bisa gilashin, a jira minti guda a share. In hazo ya bayyana daga ciki, laima ta riga ta shiga. Sa'an nan farashi. In an ce maka Seiko ne na nutso sabo a jikka 8, ba sai ka yi wani gwaji ba.

To, a saya ko a bari? Ma'aikacin da ke yini a ofis a Arlit, wayarsa na aljihu, lantarki na gidansa, ba ya bukatar agogon nutso. In yana sonsa ya saya, kuɗinsa ne, amma ya kira abin da sunansa, watau ado. Wanda bukatarsa sanin lokaci kawai, ɗan Casio F-91W da aka fara fitarwa a 1989 ya ishe shi: batirinsa yakan kai shekara bakwai, yana da ƙararrawa da fitila, kuɗinsa bai kai rabin na wancan ba, in ya ɓace ba a zaman makoki. Amma wanda aikinsa ke daji, inda waya ke mutuwa babu wurin caji, hannunsa kullum cikin ruwa da ƙura, yana kuma auna mintoci don raba wa mutane haƙƙinsu, shi ne wanda agogon nan zai yi wa aiki, ko da bai taɓa ganin teku ba. Agogo guda na jikka 35 da ya yi shekara goma ya fi na jikka 5 da ake sakewa kowace shekara sauƙi. Sharaɗina biyu ne: kada a ci bashi a kansa, kada kuma a taɓa kuɗin hatsin gida.

Haka na gaya wa saurayin, na kuma rubuta masa gwaje-gwajen a bayan takardar mota. Bayan mako biyu wani direba ya kawo mini saƙonsa. Ya koma shagon. Zoben ya juya gaba da baya ba ƙara, kunnen ya fito da ja guda, sunan kuma harafi ɗaya ya sauya. Ya ajiye musu abinsu. Ya ba wani ɗan garinsu mai zuwa Yamai kuɗin, tare da lambar samfurin a rubuce, da sharaɗin ya kawo shi cikin kwalinsa da takardar shago. Kawun nasa kuwa, in ji direban, har yanzu yana cewa babu teku a Dannet, amma ya ce in agogon ya iso a ara masa ya auna tafasar shayi na biyu.